Gundumar McDowell: yadda ƙasar masu haƙar kwal ta bar Dimokurat ta koma wa Trump

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina yawan jin ana cewa gunduma kaza a Amurka da ta Dimokurat ce, yanzu ta zama ta Rifablikan. Yaya za a yi mutanen wuri ɗaya, da kakanninsu da iyayensu suka yi wa jam'iyya ɗaya biyayya, su wayi gari sun juya mata baya? Kuɗi ake ba su, ko wani abu ne daban?"

Ɗan'uwa, ka yi tambaya mai kyau, kuma ba a amsa irinta da magana a dunƙule. Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kowacce da labarinta. Saboda haka zan ɗauki guda ɗaya da na daɗe ina bibiyar alƙalumanta, mu bi ta daki-daki: gundumar McDowell, can ƙarshen kudancin jihar West Virginia, a cikin duwatsun Appalachia. Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma ce a wurinmu, tana da hedikwata da kotu da shugaban 'yan sandanta. Hedikwatar McDowell wani ƙaramin gari ne da ake kira Welch.

Bari in fara ba ka alƙaluman, sai mu koma kan dalili. A 1964 Lyndon Johnson na Dimokurat ya samu sama da kashi 80 cikin 100 na ƙuri'un gundumar. A 1984, shekarar da Ronald Reagan ya lashe jihohi 49 cikin 50, McDowell ta tsaya wa ɗan Dimokurat Walter Mondale da kusan kashi biyu cikin uku. Al Gore ya samu kusan kashi 66 a 2000, John Kerry kusan 62 a 2004, Barack Obama kusan 53 a 2008. Daga nan sai ƙasa ta tsage. Mitt Romney na Rifablikan ya samu kashi 64 a 2012, Donald Trump ya samu 74 a 2016, sannan kusan 79 a 2020, ya kuma sake samun kusan haka a 2024.

Wanda ya kalli kason kawai zai ce mutane sun canja zuciya. Ni a ganina wannan rabin labarin ne, kuma ba shi ne rabin da ya fi nauyi ba. Duba adadin ƙuri'un da kansu. A 1960 John Kennedy ya samu kusan ƙuri'u 19,500 a McDowell, Richard Nixon da ya sha kaye ya tashi da sama da 6,000. A 2020 Trump, da gagarumin rinjayensa, ƙuri'u 5,000 da ɗoriya ya samu. Wato wanda aka kayar ƙasa warwas a 1960 ya fi wanda ya yi nasara a 2020 yawan ƙuri'u. Gundumar da ta zaɓi Kennedy tana da mutane sama da 70,000, kuma shekara goma kafin nan, a ƙidayar 1950, sun kusa 100,000. A ƙidayar 2020 ba su kai 20,000 ba. Sunan wurin yana nan, duwatsun suna nan, amma jama'ar da ta riƙa dangwala wa Dimokurat ta watse, wasu sun yi ƙaura, wasu ƙasa ta rufe musu ido.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ba shi ne karon farko da McDowell ta juya ba. Asalinta ta Rifablikan ce. A ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da layin dogo na kamfanin Norfolk and Western cikin waɗannan kwaruruka don kwashe kwal ɗin yankin Pocahontas, wanda yake cikin mafi inganci a duniya wajen narka ƙarfe. Kamfanoni suka kwaso ma'aikata daga ko'ina: baƙar fata daga jihohin kudu irin su Bajiniya da Karolina ta Arewa, 'yan ci-rani daga Italiya da Hangari da Folan, ga kuma fararen fata mazauna duwatsun. Baƙar fatar nan sun zo da ƙaunar jam'iyyar Abraham Lincoln, wanda ya 'yanta bayi, kuma a West Virginia ba a ƙwace musu ƙuri'a ba kamar yadda aka yi a jihohin da suka baro. Sun yi ƙarfi a siyasar gundumar har ana yi mata kirari da "'Yantacciyar Ƙasar McDowell". Daga garin Keystone na wannan gunduma Minnie Buckingham Harper ta fito, wadda a 1928 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin wata jiha a duk Amurka, kuma 'yar Rifablikan ce. Masu kamfanonin ma 'yan Rifablikan ne. Da mai gida da bara suka haɗu a jam'iyya ɗaya, kowa da dalilinsa. Ko a 1932, lokacin da talauci ya sa Amurka ta yi waje da shugabanta Herbert Hoover na Rifablikan, McDowell Hoover ta zaɓa.

Ka kwatanta rayuwar mai haƙar kwal a wancan zamani. Gidan da yake kwana na kamfani ne. Likitan da ke duba 'ya'yansa na kamfani ne. Sau da yawa ba da dala ake biyansa ba, sai da wasu kwabbai na ƙarfe da kamfanin ya buga da tambarinsa, waɗanda ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin. In ya buɗe baki ya ambaci ƙungiyar ƙwadago, kafin magariba an watso masa kaya waje. A ranar 1 ga Agusta 1921, a kan matakalar kotun Welch, 'yan bangar kamfanin tsaro na Baldwin-Felts suka bindige Sid Hatfield, shugaban 'yan sandan garin Matewan da ya goyi bayan ma'aikata, tare da abokinsa Ed Chambers, a gaban matansu, da rana tsaka. Wannan kisa ne ya tunzura dubban ma'aikata suka ɗauki bindigogi, aka gwabza a Dutsen Blair a ƙarshen watan, har sai da gwamnatin tarayya ta turo sojoji. Ma'aikata suka sha kashi, ƙungiya ta durƙushe a kudancin jihar sama da shekara goma. Matakalar nan tana nan har yau.

Sai Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, aka yi dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da kamfani a kan albashi. Ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta UMWA, ƙarƙashin John L. Lewis, ta bi kwari-kwari tana rajistar mutane, cikin 'yan watanni ta cika yankin. A zaɓen 1936 Roosevelt ya samu ƙuri'u sama da 25,000 a McDowell, wajen kashi 70 cikin 100. Cikin shekara huɗu kacal gundumar ta kife daga wannan ɓangare zuwa wancan, da baƙaƙe da farare baki ɗaya. Ba wa'azin aƙida aka yi musu ba. Albashi ya ƙaru, sa'o'in aiki sun ragu, ɗan bangan kamfani ya daina shigo wa mutum gida. Daga baya ƙungiyar ta samo musu fansho da asusun lafiya, har ta gina asibitoci a yankin. Wanda ya ba ka wannan, ba ka buƙatar a roƙe ka ranar zaɓe.

A nan nake so ka tsaya, domin nan ne gishirin amsar. Biyayyar McDowell ga Dimokurat ta bi ta hannun ƙungiyar ƙwadago ne. Zauren ƙungiya shi ne inda ake taro, inda ake jin labarin abin da ke gudana a Washinton, inda ake raba takardar sunayen 'yan takarar da za a zaɓa. Wakilin ƙungiya maƙwabcinka ne, tare kuke shiga rami da asuba, shi zai tsaya maka in dutse ya karya maka ƙafa, shi zai zo jana'izar mahaifinka. In ya ce maka wane ne namu, ka yarda. Mutanen nan tun fil azal masu riƙo da coci ne, masu son bindigar farauta, masu ra'ayin mazan jiya a kan iyali. Ba su canja ba a wannan fanni. Abin da ya faru shi ne, na tsawon shekara 60 akwai wata murya da ta fi ta kowa kusa da kunnensu, mai cewa batun tukunya ya riga komai.

Kennedy ya ƙara ɗaure wannan igiya. A 1960 yana neman tikitin jam'iyyarsa, kuma ana cewa ɗan Katolika ba zai ci zaɓe a jihar da kusan kowa Furotesta ne ba. Ya shigo kudancin West Virginia da kansa, ɗan masu kuɗi daga Boston, ya zauna da ma'aikata a bakin rami lokacin canjin aiki, ya ga yaran da ke ɓoye abincin makaranta su kai gida. Ya doke Hubert Humphrey a zaɓen fid da gwani na 10 ga Mayu, a McDowell kuwa da rata mai yawa. Da ya hau mulki, umarninsa na farko, ranar 21 ga Janairu 1961, na ƙara rabon abinci ga mabuƙata ne. A watan Mayun shekarar aka fara gwajin shirin takardun sayen abinci na gwamnati, kuma iyalin farko da suka karɓa a duk ƙasar 'yan McDowell ne: wani mai haƙar kwal da ya rasa aiki da matarsa, gida mai mutum 15, aka miƙa musu takardun dala 95. Shekaru da yawa bayan nan, a falon tsofaffin yankin za ka tarar da hoton Kennedy ko na Roosevelt ko na Lewis a rataye a bango.

To amma ka lura, me ya sa aka fara rabon abinci a gundumar da ta taɓa zama kan gaba wajen fitar da kwal a Amurka? Domin tun a lokacin ɓaraka ta fara. Bayan yarjejeniyar 1950 tsakanin ƙungiya da kamfanoni, injuna suka shiga rami. Injin da ke gurzar kwal ba tsayawa ya maye gurbin gomman masu shebur. Kwal na fita, ma'aikata na raguwa. Jihar da take da masu haƙar kwal sama da 100,000 a wajajen 1950, yau ba su kai 15,000 ba. Baƙar fata aka fara sallama, domin su ne aka fi bari a aikin lodi da hannu, ba a kuma cika ba su horon tuƙa injin ba. Suka kama hanyar Columbus da Cleveland da Detroit. Su da suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar gundumar, yau sun koma wajen kashi ɗaya cikin goma, kuma su ne rukunin da ya fi kowa tsayawa wa Dimokurat a Amurka ta yau. A 1986 kamfanin U.S. Steel ya rufe ayyukansa a garin Gary, sama da mutum 1,000 suka rasa aiki a tashi ɗaya. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke busa jiniyar canjin aiki, ya kuma koma ya gan ta bayan an kulle ƙofofinsu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai shayi da mai gidan haya da tela duk tare suke faɗuwa da masana'anta.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke nan take ba. Daga 1936 zuwa 2008, sau ɗaya tak McDowell ta zaɓi ɗan Rifablikan, Nixon a 1972. Tsofaffin 'yan ƙungiya masu karɓar fansho suna raye, suna kuma fita zaɓe. Sanata Robert Byrd, wanda ya wakilci jihar daga 1959 har rasuwarsa a 2010, yana jawo hanyoyi da ofisoshin gwamnati. Sai dai itacen da gara ta cinye cikinsa yana iya tsayuwa shekaru, iska ɗaya yake jira.

Iskar ta fara kaɗawa a 2000. George W. Bush na Rifablikan ya zo West Virginia da magana biyu, kwal da bindiga, yana nuna Gore a matsayin mai fifita muhalli a kan abincin ma'aikata. Ya ci jihar, wadda ko Jimmy Carter a 1980 da Michael Dukakis a 1988, 'yan Dimokurat da suka faɗi zaɓen ƙasa, sun ci ta, kuma da yake ƙuri'un wakilan jihohi ne ke fitar da shugaban ƙasa a Amurka, da Gore ya riƙe wakilan zaɓenta biyar da shi ne shugaban ƙasa ko ba jihar Florida da aka yi taƙaddama a kanta. McDowell ba ta bi ba a lokacin, amma daga nan ratar ta riƙa tsukewa zaɓe bayan zaɓe.

Zamanin Obama ne komai ya haɗu. Hukumar kare muhalli ta tsaurara dokoki a kan hayaƙin tashoshin lantarki da kuma fasa kan duwatsu don ciro kwal. Kamfanoni da 'yan siyasa suka raɗa wa abin suna "yaƙi da kwal", suka cika bakin hanya da alluna. Gaskiyar magana, abin da ya fi kashe kasuwar kwal shi ne iskar gas mai arha da sabuwar fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta fito da ita. A 2005 kusan rabin lantarkin Amurka daga kwal yake, yanzu bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Manyan kamfanoni suka yi ta karyewa: Patriot a 2012, Alpha a 2015, Arch da Peabody a 2016. Amma mutumin da aka miƙa wa takardar sallama ba zai iya kama kasuwa ya tuhume ta ba. Shugaban ƙasa kuwa yana da fuska da suna, kuma jam'iyyarsa ba ta ɓoye cewa tana son ganin bayan kwal ba. Ɓacin ran ya kai inda a zaɓen fid da gwani na Dimokurat a 2012, wani fursuna da ke tsare a gidan yari a Texas ya samu kusan kashi 41 na ƙuri'un jihar a kan shugaba mai ci. A babban zaɓe Romney ya share dukkan gundumomin jihar 55.

Za ka tambaye ni batun launin fata. Yana ciki, ba zan rufe shi ba. Akwai waɗanda ba su taɓa sakin jiki da baƙar fata a fadar White House ba, kuma wasu sun faɗa da bakinsu a 2008. Amma wanda ya ce shi kaɗai ne dalili sai ya bayyana mana yadda Obama ya ci McDowell a 2008, da yadda Hillary Clinton da Joe Biden, farare, suka samu ƙasa da abin da ya samu nesa ba kusa ba.

Shekarar 2016 ita ce ta fi koya min darasi. A watan Janairu kantin Walmart da ke Kimball, ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a gundumar kuma inda jama'a ke sayen kayan miya, ya rufe. A watan Maris, a wani taro a Ohio, Clinton ta ce za su raba masu haƙar kwal da kamfanonin kwal da yawa da sana'arsu. Tana cikin bayanin cewa bai kamata a manta da waɗannan ma'aikata ba, tana ma da shirin tallafa musu na dala biliyan 30, amma magana zarar bunu ce, wannan jimla ɗaya aka yanko aka yi ta maimaitawa. Trump kuwa ya zo Charleston, babban birnin jihar, ya kifa hular masu shiga rami a ka, ya yi kamar yana sheƙa kwal da shebur, ya ce zai mayar da su bakin aiki. A zaɓen fid da gwani na watan Mayu, Bernie Sanders, mai ra'ayin gurguzu, shi ya ci McDowell a ɓangaren Dimokurat, kuma ƙuri'unsa sun fi waɗanda Trump ya samu a ɓangaren Rifablikan a ranar. Wannan ya nuna min cewa mutanen ba karatun aƙidar Rifablikan suka yi suka gamsu ba. Suna neman wanda zai ce ya ga halin da suke ciki, ya kuma nuna yatsa ga mai laifi. A watan Nuwamba kuwa, mafi yawan masu rajista a gundumar ko fita ba su yi ba, wajen kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ne suka kaɗa ƙuri'a. Babbar jam'iyya a McDowell ita ce ta masu zama a gida.

Kuma halin da suke ciki ba ƙarami ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a suna cikin talauci. Matsakaicin tsawon ran namiji a can bai wuce shekara 64 ba a wani ƙiyasi da aka fitar a 2013, yana cikin mafi ƙanƙanta a duk Amurka. Ƙwayoyin kashe ciwo masu bugarwa sun shigo ta hannun likitoci da kantunan magani, a yankin da kusan kowane gida akwai mai ciwon baya ko ciwon huhu daga rami, suka yi ɓarna har kakanni da yawa su ke riƙon jikoki. Ambaliyar 2001 da ta 2002 ta kwashe gidaje masu yawa, waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Abin da ke ci min rai shi ne, shirye-shiryen da ke riƙe da ran gundumar, fanshon tsofaffi da takardun abinci da inshorar lafiyar talakawa da aka faɗaɗa a 2014 ƙarƙashin dokar Obama, galibinsu Dimokurat ne suka kafa su. Amma mutumin da kakansa ya ciyar da gida da guminsa ba ya kallon takardar tallafi a matsayin abin godiya. Tana tuna masa abin da ya rasa ne. Babu kuma wakilin ƙungiya a bakin ƙofa da zai zaunar da shi ya ce masa ga wanda ya yi wannan doka, ga wanda ke son soke ta. Gurbin da zauren ƙungiya ya bari, coci da rediyo da talabijin da Facebook suka cike shi, kuma a can maganar zubar da ciki da bindiga da baƙin haure ake yi.

Batun kuɗi da ka ambata, tarihin kudancin West Virginia bai rasa sayen ƙuri'a ba, an sha gurfanar da jami'ai a gundumomin maƙwabta irin su Logan da Mingo, kuma galibi a zaɓukan cikin gida na Dimokurat ne lokacin da suke da ƙarfi. Ba shi ya juya zaɓen shugaban ƙasa ba. Babu ɗan takarar shugaban ƙasa da ke kashe kuɗi a West Virginia yanzu, domin kowa ya san inda za ta faɗa.

Shin Trump ya dawo da kwal? Bai dawo da shi ba. Masu haƙar kwal a Amurka sun kai wajen 50,000 lokacin da ya hau a 2017, kuma sun ragu kafin ya sauka a 2021. Irin kwal ɗin McDowell na narka ƙarfe ne, farashinsa yana bin kasuwar Indiya da Turai da Barazil, ba ya bin wanda ke mulki. Duk da haka ƙuri'unsa ƙaruwa suka yi a 2020, domin zuwa lokacin abin ya tashi daga lissafin aiki ya koma na "su waye namu". Juyin ya fara daga sama ne ya gangaro ƙasa: shugaban ƙasa tukuna, sannan majalisar jiha da Rifablikan suka karɓe a 2014 karon farko tun shekarun 1930, sannan rajistar jam'iyya, inda a 2021 'yan Rifablikan suka zarce 'yan Dimokurat a jihar. Joe Manchin, ɗan Dimokurat na ƙarshe da ya iya cin kujerar sanata a can, ya fice daga jam'iyyar a 2024, bai sake tsayawa ba, kuma kujerarsa ta koma hannun Jim Justice, attajirin kwal wanda shi ma a Dimokurat ya ci gwamna a 2016 kafin ya sauya sheƙa a kan dandamali ɗaya da Trump shekara guda bayan nan.